Daminarmu Daga Teku Take Tasowa

A kan layin ikwaita, kilomita fiye da 600 kudu da gaɓar Laberiya, inda babu tsibiri babu tudu, akwai wani ƙaton gora na faiba da ƙarfe da ke lilo a kan ruwa dare da rana. Faɗinsa ya ɗan haura mita biyu. An kafa masa 'yar hasumiya a ka, mai ɗauke da na'urorin auna gudun iska da laimarta, da ƙarfin rana, da yawan ruwan sama. Daga gindinsa igiya ta miƙe har ƙasan teku, zurfin da ya wuce kilomita huɗu, an ɗaure ta a jikin tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa don kada ruwa ya tafi da shi. A jikin igiyar nan, daga sama har zuwa zurfin mita 500, an jera ma'aunai masu karanta zafin ruwa, wasunsu har da gishirinsa. Kowace rana goran yana miƙa wa tauraron ɗan'adam abin da ya auna, kafin gari ya sake wayewa labarin ya isa cibiyoyin hasashen yanayi na duniya.

Manomin gero a Gumel ko Dakoro bai taɓa ganin wannan gora ba, mai yiwuwa ma bai taɓa ganin teku ba. Amma ruwan da goran ke zaune a kai yana cikin abubuwan da ke sa damina ta sauka da wuri ko ta makara, ta yi albarka ko ta yanke ana tsakiyar bununi. Shi ya sa labarin waɗannan na'urori, da 'yan'uwansu masu nutso da masu shawagi a ƙarƙashin ruwa, ya cancanci a ba da shi da Hausa.

Hadari daga gabas, ruwa daga kudu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hadari daga gabas yake tasowa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, ruwan da ke cikin hadarin galibinsa daga kudu maso yamma ya zo. Idan bazara ta kama, Sahara ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta takan tashi sama ta bar gurbi. Sai iska mai laima daga Mashigin Tekun Gini ta kwararo don cike gurbin. Ita ce iskar bazara da ake ji tana kaɗawa da dare kafin ruwan farko.

A watan Afrilu saman tekun da ke kudu da mu yakan yi ɗumi, ya kai digiri 28 zuwa 29. Daga watan Mayu iskar kudu maso gabas takan ƙara ƙarfi, ta ture ruwan sama-sama daga layin ikwaita, sai ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa ya maye gurbinsa. Kafin Agusta zafin wurin ya sauka da digiri biyar ko fiye. Teku ta yi sanyi, tudu yana tafasa, wannan bambancin shi ke ƙara tura iskar damina can cikin arewa. Wajen ƙarshen Yuni ruwan sama mai ƙarfi yakan bar bakin teku kusan lokaci guda ya koma arewa. Dalili ke nan da Legas ke samun ɗan tsagaitawar ruwa a watan Agusta, a daidai lokacin da Kano da Maraɗi ke cikin marka. A shekarar da tekun ta yi jinkirin hucewa, sau da yawa ruwan yakan daɗe a bakin gaɓa, arewa tana jira.

An sha wuya kafin a gane haka. Bayan farin 1972 da 1973, wanda ya ƙarar da dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka daga Senegal har Chadi, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne mutanen Sahel da kansu suka jawo shi: yawan kiwo da saran itace sun tsiraita ƙasa, ƙasa kuma ta kori hadari. Masanin yanayi Jule Charney ya kawo hujjar lissafi a kan wannan a 1975, aka kuma daɗe ana ɗora wa makiyayi da manomi laifi. A 1986, bayan wani farin na 1983 da 1984, Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauyin zafin tekunan duniya. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka saka wa kwamfuta zafin teku kaɗai na shekarun 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da kiwo ko saran daji ba, sai ga ta ta fitar da damina mai kyau ta shekarun 1950 da kuma farin 1970 da 1980. Lalacewar ƙasa tana ƙara tsananta fari, wannan gaskiya ne. Amma tushen abin yana cikin teku, kuma ba Atlantika kaɗai ba, har da Tekun Indiya da Pasifik da Bahar Rum.

Abin da tauraro ba ya gani

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a bar wa tauraron ɗan'adam aikin? Tauraro yana ganin teku duka cikin 'yan kwanaki, amma fatarta kawai yake karantawa, abin da bai kai kaurin farce ba. Ruwan gishiri ba ya barin saƙon rediyo ya ratsa shi. Ga shi kuma teku ta rufe kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, matsakaicin zurfinta kusan mita 3,700. Mita uku na samanta kaɗai suna iya riƙe zafi daidai da dukan iskar da ke kewaye da duniya. Wanda ke son sanin ko ɗumin da ya gani a sama zai ɗore wata uku ko iskar mako guda za ta share shi, dole ya san kaurin ruwan ɗumin, mita 20 ne ko mita 100. Wannan sai an zura ma'auni a ciki.

Da can jirgin ruwa ne kaɗai hanya. Jirgin Ingila mai suna Challenger ya zaga duniya daga 1872 zuwa 1876, ya tsaya a wurare kimanin 360, ma'aikatansa suna zura ma'aunin zafi da igiya suna jawowa. Shekara ɗari bayan haka, kayan aiki sun inganta amma matsalar tana nan: jirgin bincike yana cin dubban daloli a kowace rana, yana wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kuma yana kauce wa tekun kudu a lokacin hunturu saboda haɗari. Akwai faɗin ruwan da ya fi Najeriya girma wanda aka yi shekaru ba a auna cikinsa ko sau ɗaya ba.

Abin da ya farkar da gwamnatoci shi ne El Nino na 1982 da 1983, wato ɗumamar gabashin Pasifik da ke birkita damina a nahiyoyi da dama. Ya kawo ambaliya a Peru, fari a Ostareliya da Indunusiya da kudancin Afirka, kuma sai da ya yi nisa kafin masana su tabbatar yana faruwa. Daga nan Amurka, tare da Japan da wasu ƙasashe, ta shiga dasa goruna masu turke a kan ikwaitar Pasifik. An kammala jerin a 1994 da goruna kimanin 70, ana kiransa TAO. Da El Nino na 1997 ya taso, an ga ruwan ɗumi yana tafiya gabas a ƙarƙashin teku watanni kafin ya bayyana a sama. A shekarar 1997 ɗin ce Brazil da Faransa da Amurka suka fara irin wannan a Atlantika da sunan PIRATA, wanda a yau ke da goruna kusan 18, ciki har da na kudu da Laberiya. Na Tekun Indiya, RAMA, ya biyo baya daga 2004.

Masu nutso

Gora mai turke yana ba da labarin wuri ɗaya daki-daki, amma ba za a iya dasa shi ko'ina ba. Sai aka koma ga wata dabara da Baturen Ingila John Swallow ya fara gwadawa a 1955: a ƙera bututu mai nauyi daidai da na ruwan wani zurfi, ya nutse zuwa can ya tsaya, ruwa ya yi ta tafiya da shi. A kan wannan aka gina shirin Argo, wanda ya fara jefa na'urorinsa wajen shekarar 2000.

Na'urar Argo bututu ce mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, da jakar roba a gindinta da tankin mai a cikinta. Idan ta janye man zuwa ciki, jakar ta motse, na'urar ta nutse. Takan sauka zuwa mita 1,000, ta yi kwana tara tana bin ruwa a cikin duhu. A rana ta goma ta ƙara gangarawa zuwa mita 2,000, sannan famfo ya tura man cikin jakar, ta kumbura, na'urar ta fara tasowa a hankali tana auna zafi da gishiri da matsin ruwa har ta ɓullo. A sama takan nemi inda take, ta aika rahotonta, ta sake nutsewa. Haka za ta yi ta yi shekara huɗu ko biyar har batirinta ya ƙare.

A 2007 aka cika burin farko na na'urori 3,000, wato kusan ɗaya a kowane murabba'i mai faɗin kilomita 300. Yanzu sun kai kimanin 4,000, ƙasashe kimanin talatin ke sayensu suna jefawa, kuma suna kawo awo sama da 100,000 a shekara. A 2018 jimillar awon ta kai miliyan biyu, abin da ya zarce duk wanda jiragen bincike suka tara a wannan zurfin tun zamanin Challenger. Akwai sababbi da ke kaiwa mita 6,000, akwai kuma masu auna iskar oksijin da tsamin ruwa da ƙwayoyin tsirrai da kifi ke rayuwa a kansu. A ganina babban abin yabo a shirin nan shi ne ƙa'idar da aka kafa tun ranar farko: duk abin da na'ura ta auna, ko wace ƙasa ta saye ta, ana saka shi a intanet kyauta, galibi cikin awa 24.

Akwai kuma ƙananan goruna fiye da dubu da ke yawo a saman ruwa, kowanne yana jan wani dogon buhu a zurfin mita 15 don ruwa ya tafi da shi maimakon iska. Su ne ke gyara wa tauraro awonsa na zafi, da yawansu kuma suna auna matsin iska, wanda hasashen gobe da jibi ya dogara a kai. Wasu gorunan daban aikinsu sauraron tsunami. An yawaita su bayan wanda ya auku a Tekun Indiya ranar 26 ga Disamba, 2004, ya hallaka mutane kusan 230,000.

Gilaida, mai tafiya ba farfela

Na'urar Argo ba ta da ikon kanta, inda ruwa ya kai ta nan ta nufa. Ba ta jure gaɓa mai tudu-tudu, kuma igiyar ruwa mai gudu takan kwashe ta daga wurin da aka fi buƙatarta. Wannan giɓin ne gilaida ta zo ta cike.

A 1989 Henry Stommel, ɗaya daga cikin manyan masana teku na ƙarnin da ya wuce, ya wallafa wani ƙirƙirarren labari a mujallar Oceanography, inda ya hango rundunar ƙananan na'urori suna zirga-zirga a teku ana sarrafa su daga tudu. Injiniya Doug Webb, wanda tunanin ya samo asali daga gare shi, ya ƙera na'urar, aka sa mata suna Slocum, sunan mutumin da ya fara kewaya duniya shi kaɗai a jirgin ruwa tsakanin 1895 da 1898. Jami'ar Washington ta fito da tata mai suna Seaglider, cibiyoyin Scripps da Woods Hole suka fito da Spray.

Gilaida tsawonta bai wuce mita biyu ba, nauyinta kilo hamsin zuwa sittin, mutum biyu suna iya sauke ta daga ƙaramin kwalekwale. Tana nutsewa da tasowa da irin dabarar Argo, ta hanyar sauya girmanta da abin da bai kai lita guda ba. Bambancin shi ne tana da fukafukai biyu. Idan ta yi nauyi za ta nutse, sai batirinta ya zame gaba, hancinta ya sunkuya, fukafukan su mayar da faɗuwar ta zama tafiya gaba. Idan ta kai zurfin da aka umarce ta, sau da yawa mita 1,000, sai famfo ya yi aiki, batiri ya koma baya, hanci ya ɗaga, ta taso tana ci gaba da tafiya. Haka take yi, sama da ƙasa, sama da ƙasa, tana yanka teku tana aunawa. Ba ta da sauri ko kaɗan, kilomita guda a awa, wato ashirin zuwa ashirin da biyar a yini. Amma saboda famfon ba ya aiki sai a ƙarshen kowane nutso, wutar da take sha kaɗan ce ƙwarai, tana iya yin watanni a teku da caji ɗaya.

Bayan kowane 'yan awoyi takan ɓullo, ta ɗaga wutsiya ko hancin da ke ɗauke da eriya, ta kira gida ta tauraron ɗan'adam. A ɗaya gefen akwai matuƙi zaune gaban kwamfuta, wataƙila a wata nahiya daban, ya duba lafiyarta, ya ba ta sabuwar alƙibla. A ƙarƙashin ruwa ba ta samun saƙon tauraro, da kamfas da lissafi take kintatar inda take. Idan ta ɓullo ta tarar ba nan ta yi zato ba, tazarar da ke tsakani ita ce awon gudun ruwan da ya ja ta. Kuskurenta ma ilimi ne.

Jami'ar Rutgers ta Amurka ce ta nuna wa duniya iyakar abin da wannan na'ura za ta iya. A 2008 ta tura wata gilaida don ta ƙetare Atlantika, ta ɓace kusa da tsibiran Azores bayan watanni a hanya. Ba su karaya ba. Ranar 27 ga Afrilu, 2009 suka saki wata daga gaɓar New Jersey, mai suna Scarlet Knight. Ɗaliban digirin farko na cikin masu tuƙa ta, suna duba taswirar igiyoyin ruwa suna neman wadda za ta tura ta gabas. A hanya ƙananan halittun teku suka manne mata har ta fara kasa juyawa, sai da aka je da jirgi kusa da Azores masu nutso suka goge ta. Bayan kwana 221 da tafiyar kilomita kimanin 7,400, aka ɗauke ta a ruwan Sifen a watan Disamba, aka kai ta garin Baiona. Daga baya aka ajiye ta a gidan tarihi na Smithsonian a Washington.

Amfaninta na gaske ya fito fili a lokacin mahaukaciyar guguwa, lokacin da kowane jirgi ke gudun neman mafaka. A watan Agustan 2011 guguwar Irene ta doshi gabashin Amurka. Masu hasashe sun gano hanyarta daidai, amma ta iso da rauni fiye da yadda suka ce. Wata gilaidar Rutgers da ke cikin ruwa a lokacin ta nuna dalili: iskar da ke gaban guguwar ta dama teku, ruwan sanyi na ƙasa ya gauraya da na sama, zafin saman ya faɗi da digiri shida ko fiye kafin tsakiyar guguwar ta iso. Guguwa da ruwan ɗumi take rayuwa, sai ta tarar an janye mata abinci. Tun daga 2014 hukumar NOAA ta Amurka ke jera gilaidoji a Karibiyan da kewaye duk lokacin guguwa. Abin lura a nan, da yawa daga cikin manyan guguwoyin nan a samanmu suke farawa. Hadarin da ya zubar da ruwa a Zariya ko Yamai, idan ya ci gaba yamma ya fita teku ta Senegal, yana iya zama guguwar da za ta rushe gidaje a Haiti bayan kwana goma. Shi ya sa Amurkawa ke sa ido a kan sararin Sahel fiye da yadda da yawanmu suka sani.

Abin da aka gano

Daga duk waɗannan awo, sakamako mafi nauyi shi ne wannan: kimanin kashi 90 cikin ɗari na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya tare a duniya, teku ce ta shanye shi. Ita ce kuma ke haɗiye kusan rubu'in iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa, abin da ke ƙara mata tsami. Da Dean Roemmich na Scripps da abokansa suka kwatanta awon Challenger da na Argo a 2012, sun tarar saman teku ya ƙara ɗumi da kimanin digiri 0.6 cikin shekara 135. Adadin kamar ƙarami ne, sai an tuna yawan ruwan da ake magana a kai. Ruwa idan ya ɗumama yakan kumbura, wannan kuma na cikin dalilan da teku ke cin gaɓar Legas da Kwatano da Keta.

Kusa da mu ma an ga abin da ba a zata ba. A arewa da tsibiran Kef Bad, inda masana na ƙasar da na cibiyar GEOMAR ta Jamus ke da tashar awo, an gano wasu manyan kewayen ruwa masu juyawa, faɗinsu ya kai kilomita 100, da ke ɓallewa daga gaɓar Muritaniya suna tafiya yamma. A cikinsu, 'yan mitoci goma-goma ƙasa da sama, iskar oksijin ta kusa ƙarewa sarai, yadda yawancin kifi ba zai iya zama ba. Igiya mai turke ce ta fara kama alamar, sannan aka tura gilaida ta ratsa ɗaya daga cikinsu. Ga yankin da miliyoyin mutane ke ci daga kamun kifi, kuma kifinsa ke shiga kasuwannin Afirka ta Yamma har can cikin tudu, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Wahalar riƙo

Dasa na'ura abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da kula da ita. Gora mai turke sai an je an canza shi kusan kowace shekara, domin gishiri da rana da kashin tsuntsaye suna cin kayansa. Faransa ce ke tura jirgi gabashin Atlantika don wannan aiki, Brazil ta kula da yamma, Amurka da arewa. Kifi yana son taruwa a inuwar duk abin da ke yawo a teku, musamman tuna, don haka jiragen kamun kifi sukan nufi gorunan. Wasu su ɗaure jirginsu a jiki, wasu tarunsu ya sarƙe igiyar su yanke ta, wasu su kwance kayan su tafi da su. A Mashigin Tekun Gini akwai wuraren da PIRATA ta haƙura da su saboda yawan ɓarna. 'Yan fashin teku sun hana aiki shekaru a yammacin Tekun Indiya kusa da Somaliya, har sai da aka nemi jiragen soja su taimaka da jefa na'urorin Argo, kuma matsalar fashin ta taɓa namu mashigin.

Sai kuɗi. A 2012 Amurka ta ajiye jirgin da ke kula da gorunan TAO don rage kashe kuɗi. Cikin shekara biyu rahoton da ke zuwa daga jerin ya faɗi ƙasa da rabi, a daidai lokacin da ake fargabar wani El Nino, sai da aka yi ta kuka kafin a gyara. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da jirage a tasha, na'urori suka yi ta mutuwa ba a maye gurbinsu. Kusan rabin na'urorin Argo kuwa ƙasa ɗaya ce, Amurka, ke biyan kuɗinsu. Duk ranar da majalisarta ta sauya ra'ayi, duniya za ta rasa ido ɗaya. Kuma awon da ba a yi bana ba, ba a komawa a yi shi baɗi.

Akwai kuma zargi, wanda ba na banza ba ne. Zafin ruwa da gishirinsa su ke nuna yadda sauti ke tafiya a teku, ilimin da jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa ke buƙata don ɓuya. A watan Disambar 2016 sojojin ruwan Sin suka ɗauke wata na'urar sojojin ruwan Amurka a Tekun Kudancin Sin, suka mayar bayan 'yan kwanaki. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba kowace ƙasa iko a kan bincike a cikin mil 200 daga gaɓarta, don haka sai da izini ake shiga. Ƙasar da ba ta da masanan da za su zauna a teburin, ko dai ta hana komai saboda tsoro, ko ta bari a yi komai ba ta san abin da aka kwasa ba.

Ina namu hannun?

A nahiyar nan Afirka ta Kudu ce ta yi nisa, masananta suna tuƙa gilaidojinsu har cikin tekun da ke kewaye da Antatika. A Kwatano, Jami'ar Abomey-Calavi tana da karatun digiri na biyu a kimiyyar teku tare da abokan hulɗa daga Faransa, wanda ya yaye ɗalibai daga ƙasashen yankin, wasunsu sun shiga jiragen PIRATA sun yi aiki. Najeriya tana da gaɓa mai tsawon kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku ta NIOMR a Legas tun 1975, a 2023 kuma ta kafa ma'aikata guda ta harkokin teku. Nijar ba ta da teku, amma a Yamai cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD suke, waɗanda ke jagorantar hasashen damina na yankin Sahel duk shekara. Yamai ɗin ce kuma ta kasance babban sansanin binciken AMMA a 2006, lokacin da aka auna sararin Sahel da Tekun Gini a damina ɗaya don a ga yadda suke haɗe.

Duk da haka, hasashen da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara, da wanda cibiyoyin nan na Yamai ke sanarwa kafin shuka, sun jingina ne a kan awon teku da galibinsa wasu ƙasashe suka biya. Hasashen ba duba ba ne, ba ya kuma cewa ranar kaza ruwa zai sauka a gonar wane. Ruwa na Allah ne. Abin da yake iya faɗa shi ne ina alamu suka fi karkata, damina mai tsawo ko gajera, mai yawan ruwa ko mai yankewa, kuma wannan ya isa ya sa manomi ya zaɓi iri mai saurin nuna, ko hukuma ta gyara madatsar ruwa kafin Agusta. Ingancinsa a Sahel har yanzu yana da sauran aiki, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kwamfutocin hasashe sun daɗe suna kuskuren zafin gabashin Atlantika, suna nuna shi da ɗumi fiye da yadda yake. Gyaran wannan kuskure sai da ƙarin awo a ruwan da ke gabanmu.

Na'urar Argo ta yau da kullum kuɗinta 'yan dubban daloli goma-goma ne, bai kai na mota ɗaya a ayarin babban jami'i ba, kuma tana aiki shekara huɗu ko biyar. Babu hujjar da za ta hana Najeriya da Ghana da Kamaru sayen nasu suna jefawa duk shekara, ko su haɗa hannu su riƙe gilaida biyu ko uku a mashigin da suke rabawa, sojojin ruwansu kuma su ɗauki tsaron gorunan a matsayin aikinsu. Jami'o'inmu na tudu ma ba sai sun jira wannan ba. Duk awon Argo da na PIRATA yana intanet kyauta, malamin kimiyyar yanayi ko lissafi a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi zai iya sauke shi yau, ya ɗora shi a kan tarihin ruwan saman garinsu, ya ba ɗalibansa su yi bincike a kai a zangon karatu mai zuwa.